Tudun Wada nawa ne a cikin wayarka?

Duk mai zama a bakin Ƙofar Kibo ya saba ganin wannan. Baƙo ya zo biki ko ta'aziyya cikin birnin Zariya, ya gama zai kama hanya. Maimakon ya sauke gilashi ya yi wa mutanen bakin titi sallama, sai ya tsaya a gefe, ya zaro waya, ya buɗe Google Maps, ya fara rubuta sunan inda za shi. Kafin ya kai ƙarshen sunan, wayar ta jero masa wurare rututu. Shi kuwa yana sauri, na farko yake dannawa, ya ba mota wuta.

A nan gizo ke saƙar. A ce Tudun Wada ya rubuta. Akwai ta Zariya, nan bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Doka, tafiyar 'yan mintoci. Akwai ta Kaduna, da ta Jos, da ta Gusau, da unguwar da ke cikin Kano, ga kuma Tudun Wadan Dankadai, ƙaramar hukuma sukutum a kudancin jihar Kano. Samaru ma haka take: akwai wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune a cikinta tun 1962, akwai Samarun Kataf can kudancin jihar Kaduna. Sabon Gari kuwa sai dai a bar ƙirga. Sau da yawa wayar takan ɗora na kusa a sama, to wanda ya nufi na nesa fa? Idan bai dubi sunan jihar da yawan kilomitar da aka rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba, sai ya ɓata lokacinsa da mansa a banza.

Yawan takwarorin nan yana da dalili. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, baƙi suka yi ta kwararowa. Turawan mulki ba su so su cakuɗa su da mutanen cikin ganuwa ba, sai suka ware wa 'yan Kudu Sabon Gari, 'yan Arewan da ba 'yan gari ba kuma aka ba su Tudun Wada. Aka maimaita tsarin a garuruwa da dama, sunayen suka bi shi. Bazazzagi in ya ji an ce Tudun Wada ya san wadda ake nufi daga yanayin maganar. Waya ba ta da wannan kunnen.

Kada a ce na raina na'urar. Aikinta na ban mamaki ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kuma da wayarka ta kama saƙon huɗu daga cikinsu ta gano inda kake tsaye. Tun shekarar 2000 aka cire dabaibayin da ke rage wa farar hula daidaiton lissafin. Ke nan ta san inda kake sarai. Inda zuciyarka ta nufa ne ba ta sani ba, sai abin da yatsanka ya gaya mata.

Cikin birni kuma abin ya fi haka. Adireshin mutumin Kwarbai ko Limancin Kona ba lamba ba ce. Ce maka za a yi ka wuce Babban Dodo, ka shiga lungu na biyu, ka nemi zauren da almajirai ke karatu, ka tambayi gidan Malam wane. Wani lungun ko Keke Napep ba ya shiga, amma a fuskar waya layi ne sumul kamar titin kwalta. Tsohon da ke zaune a kan dakali ya san wannan, ya san hanyar da aka tare saboda ɗaurin aure yau, ya san inda ruwa ke kwanciya da damina. Ka ce masa, "Salamu alaikum, Baba, don Allah ina ne hanyar Ƙofar Gayan?" Sau tari ba zai tsaya ga kwatance ba, yaro zai haɗa ka da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda muka fara jin nauyin wannan sallamar, alhali da ita iyayenmu suka je har Gwanja fataucin goro suka dawo.

Direba, kafin ka tayar da mota, karanta abin da ke ƙarƙashin sunan, ka tabbatar da jihar da nisan. In ka shigo ganuwa, ajiye wayar ka yi tambaya. Ku kuma samarin birni masu riƙe da manyan wayoyi, taswirar nan tana karɓar gyara daga hannun kowa. Ku sa mata sunayen unguwanninku da masallatai da makarantun allo kamar yadda ake kiransu a gida, domin baƙon da zai iso cikin dare, lokacin da babu kowa a kan dakali.