WA YAKE TSARON GAWO?

Ya mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Magarya zuwa Dungas da rani, ka ga abin da zan faɗa maka. Gonaki sun bushe, an kwashe kara, amma itatuwan gawo suna tsaye kore shar. Gawo itace ne mai ban mamaki. Da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuwa ya zama taki. Da rani ya ba da inuwa, 'ya'yansa su zama abincin bisashe.

Tsoron tara

Tun dā an san darajar gawo a ƙasar nan. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji, itatuwa suka koma hannun gwamnati. Bayan samun mulkin kai a 1960 ma haka aka ci gaba. Ma'aikatan daji suna yawo, wanda aka kama da gatari a ci shi tara.

Duk da haka itatuwa suka yi ta raguwa. Don me? Domin manomi yana ganin itacen ba nasa ba ne. In ma'aikaci yana kusa ya ɓoye gatari, in ya tafi ya sara. Wani ma ya tumɓuke ɗan tsiro tun yana ƙarami, kada ya jawo masa magana.

Bayan farin 1973 da na 1984 manoma suka ga ƙasa ta tsiraita, iska tana binne shuka. Sai suka soma barin tsiron gawo a lokacin sassabe, suna yi masa aski, suna kāre shi daga awaki. Suka ɗauke shi nasu. Haka miliyoyin gawo suka tashi a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirriya. Abin da tara ta kāsa, so ya yi shi.

Zuciyarka fa?

Haka yake tsakanin mutum da Allah. Mutane da yawa suna bin umarnin Allah kamar mai tsoron ma'aikacin daji. A gaban fasto da dattawan ikkilisiya su salihai ne. A kasuwa kuwa mudun saye dabam, na sayarwa dabam. In an fita sassabe su ci iyakar gonar maƙwabci da taki ɗaya. Irin wannan biyayya ba ta wuce inda ido ya tsaya.

A daren da za a bashe shi, Ubangiji Yesu ya nuna wa almajiransa inda biyayya take tsirowa. Ya ɗaura kiyaye umarninsa a kan ƙaunarsa. Ka buɗe Yahaya 14:15 da 14:23, ka karanta da kanka. Ƙauna ita ce saiwa, biyayya ita ce 'ya'ya. Shi ya sa manzo Yahaya bai ɗauki umarnin Allah kaya mai nauyi ba (1 Yahaya 5:3). Uwa takan tashi da tsakar dare saboda jinjirinta, ba wanda ya kafa mata doka.

Ina za a sami ƙaunar nan?

Ba mu da ita a cikinmu, gama zuciyarmu ta saba da son kai. Daga wurin Allah ta fara (1 Yahaya 4:19). Ba mu tuba ba tukuna, Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye sabili da mu (Romawa 5:8). Wanda ya ba da gaskiya gare shi ya sami gafara kyauta, Ruhu Mai Tsarki kuma ya ba shi sabuwar zuciya. Ka lura da kyau, biyayya ba ta sayen ceto. Wanda aka cece shi, shi yake biyayya don godiya.

Ka tuna da Bitrus. Sau uku ya yi musun sanin Ubangijinsa. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya same shi a bakin tekun Galili. Bai ci shi tara ba. Sau uku ya tambaye shi zancen ƙauna, sa'an nan ya danƙa masa kiwon tumakinsa (Yahaya 21:15-17).

Ranar gwaji

Ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Zinder, kashegari kuma a Yamai. Waɗansu masu bi suka rasa gidajensu da kayansu. Umarnin Yesu a kan ƙaunar maƙiyi (Matiyu 5:44) ya tsaya a gabansu. Babu hukumar da za ta tilasta wa mutum ya yafe. Amma da yawa daga cikinsu suka tashi a fili suka ce sun yafe. Tsoro ba ya iya wannan, sai ƙaunar wanda ya fara yafe musu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai fa? Akwai wanda ka ƙi gaisarwa tun bara? Akwai bashin da ka danne? Wanda yake cewa yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa, ruɗin kansa yake yi (1 Yahaya 4:20). Kada ka jira sai gobe. Ka durƙusa ka yi addu'a haka:

Ya Uba, na yi ta binka da baki, zuciyata kuwa tana nesa. Ka gafarta mini sabili da Yesu wanda ya mutu domina. Ka dasa ƙaunarka a zuciyata, in bi maganarka a gida da gona da kasuwa. A cikin sunan Yesu. Amin.

Sa'an nan ka tashi, ka tafi wurin mutumin nan yau.