Wakilin da ba a rantsar da shi: wa ke ɗaukar alhakinsa?

 

An ƙera na'urori masu ƙwaƙwalwa waɗanda ake aika kamar yaran gida: wannan ta yi ciniki, waccan ta biya kuɗi, su daidaita tsakaninsu ba tare da mutum ya sa baki ba. Domin kada su ƙetare iyaka, wasu masana sun ce a ɗaure su da bulokcen, wato kundin sarƙa. Littafin lissafi ne da kwafinsa ke hannun dubban na'urori, kowane shafi ɗaure da wanda ya gabace shi, mai son goge layi ɗaya sai sauran su gane. Har sharuɗɗan yarjejeniya ana rubutawa ciki, su zartar da kansu.

Ba mu raina wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Sai dai ba ta tsaya ga rubutu ba, ta nemi marubuci mai adalci da shaidu. Kundi kuwa abin da aka zuba masa yake tsarewa, ko da ƙarya ce.

Mu dubi shekarar 2016. A kan kundin Ethereum an kafa wani asusu mai suna The DAO, ba shugaba, ba ma'aji, sai rubutattun sharuɗɗa. A watan Yuni wani ya gano ɓaraka cikinsu, ya janye ether kusan miliyan 3.6, kimanin dala miliyan 50 (ta Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Kundin ya rubuta komai daidai, bai ce sata ce ba. Mutane ne suka yi muhawara, mafi yawa suka yarda a watan Yuli a sauya ƙa'ida a mayar da dukiyar. Waɗanda suka ƙi suka riƙe tsohon kundi, Ethereum Classic. To, ina ga na'urori masu yanke shawara da kansu?

Malaman Malikiyya sun ce ɓarnar da dabba ta yi a gona da dare, mai ita ke biya, domin dabba ba mukallafa ba ce. A ganinmu haka na'ura take: alhaki na wanda ya sake ta. Wuyar ita ce idan na'urori goma na mutane goma suka haɗu suka yi ɓarna ɗaya. Kundi zai nuna sawun kowace, amma a Ethereum da ire-irensa lamba ake gani, ba a ganin sunan mai garken.