Hayaƙin Da Ka Tayar, Wa Ke Shaƙar Sa?

'Yan uwa, akwai wani haƙƙi da muke ci kullum amma ba ma saka shi cikin lissafi: iskar da ɗan uwanmu yake shaƙa.

Da hunturu hazo kan lulluɓe mu a nan Roni, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wannan ba mu da iko a kansa. To amma janaretan da ka girke a bakin tagar telan da ke maƙwabtaka da kai fa? Bolar ledar da ka cinna wa wuta bayan la'asar, daidai lokacin da samari ke buga ƙwallo a fili fa?

Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba, ba launi ba wari. Jini ya fi saurin riƙe ta a kan iskar oksijin fiye da sau 200. Shi ya sa telan nan kansa zai yi ta sarawa, idonsa ya yi nauyi, ɗinkin yini ya kwana bai ƙare ba. Shi a zatonsa gajiya ce ko zazzaɓi, alhali ƙarfinsa aka ɗauke.

Mai gudu kuwa yakan shaƙi iska ninki 10 na wanda yake zaune, galibi ta baki, ba tare da hanci ya tace ta ba. A 2008 Haile Gebrselassie na Habasha, wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin duniya a gudun fanfalaki, ya fasa wannan gudun a gasar Olamfik ta Beijing saboda gurɓatar iska, domin yana da asma. Mai likitoci ke nan ya ji tsoro, balle yaranmu.

Wani zai ce: "Malam, ba wutar NEPA, da me zan nemi abinci?" Gaskiyarka, lalura ce. Amma lalura ba ta halatta maka ka ɗora wa wani cutarta alhali akwai mafita. Sayi doguwar waya ka nisanta injin daga tagogin mutane. Juya salansa ta kalli fili. Kai shi gyara idan ya fara baƙin hayaƙi. Kada ka taɓa kunna shi a rufaffen shago ko zaure. Leda kuma a daina ƙona ta cikin unguwa.

Idan kuɗin mutum ka ci, gobe kana iya mayar masa. Lafiyar ƙirjinsa fa, da me za ka biya?

Allah Ya raba mu da haƙƙin bayinSa.