Da wane mudu ake auna aikin tsabta?

Duk sa'ad da aka ce wani gari ya ci nasarar aikin tsabta, ya kamata mai hankali ya tambaya: me aka auna, wa kuma ya riƙe mudun?

Yaƙi da kurkunu ya ba da amsa mai sauƙi. A shekarar 1986 an ƙiyasta mutane miliyan 3 da rabi ke fama da shi a Afirka da Asiya. Ciwo ne marar allurar rigakafi, marar magani. Baya ga haƙa rijiyoyi, ƴan sa-kai na ƙauyuka ne suka karya lagonsa: sun raba ƙyallen tace ruwa, sun hana mai kurkunu tsoma ƙafa cikin tabki, sun rubuta duk wanda ya kamu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. A nan babu gardama, domin tsutsar ido ke ganinta.

Sha'anin masai ya fi wuya. Tsarin da Kamal Kar ya ɓullo da shi a Bangaladash wajen shekarar 2000 ya tanadi a zagaya da mutanen gari inda suke bahaya a fili, har ƙyama da kunya su sa su haƙa masai da kansu, ba tare da tallafi ba. Binciken da aka wallafa a 2015 kan ƙauyuka 121 na jihar Kulikoro a Mali ya nuna gidaje masu masai sun kusa ninkawa, yara sun fi girma, amma zawo bai ragu ba. Ashe hukuncin ya dogara ga abin da mai awo ya zaɓa ya ƙirga.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba su ɗauka. Kunya ado ce a wurin Bahaushe, amma in ta zama bulala, a kan marar ƙarfi take sauka. Tsohuwar da ba ta da mai haƙa mata rami, ko magidancin da damina ta rusa masa masai a ƙasar rairayi, talauci ne laifinsu. Garin da ya tozarta su don ya sami takardar yabo ya sayi tsabta da mutuncin maƙwabci, kuma ciniki ne na hasara.

Saboda haka, malamai da ƴan ƙungiyoyi, mu jinkirta awo sai baƙi sun tafi, damina biyu ta wuce. Sannan a duba ko ana shiga masan, ko yara na samun lafiya, ko gayya ta haƙa wa gajiyayye nasa. Mudun kuwa a bar shi hannun mutanen garin, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.