Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Wa Ya Sha Romon?

"Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa." Da wannan ake rarrashin matar da ta yi yaji, da shi ake mayar da ita ɗakinta. Ba kasafai ake karanta wa namiji shi ba. Shi ya sa gajeren labarin Anton Chekhov, marubucin Rasha, mai suna Poprygunya, wanda ya fito a 1892, ya dace a auna karin maganar da shi, domin a can miji ne ke gaban murhu.

Dymov likita ne mai shekara 31, yana aiki a asibitoci biyu. Matarsa Olga, 'yar shekara 22, ba ta da buri sai tara mashahurai a falonta: masu zane, mawaƙa, 'yan wasan kwaikwayo. Mijin kuwa aikinsa ya leƙo ya ce abinci ya sauka. Da bazara ta bi masu zane zuwa kogin Volga, a can ta ci amanarsa da wani mai zane, Ryabovsky. Ta dawo da niyyar ɓoye masa komai, sai fara'ar da ya tare ta da ita ta sa ta ƙudurta faɗa masa gaskiya, ta durƙusa a gabansa, amma tsoro da kunya suka ɗaure mata baki.

Kafin sanyi ya wuce Dymov ya gane. Bai yi faɗa ba, bai tambaya ba. Shi ne ma ya koma ba ya iya haɗa ido da ita, sai ka ce shi ya yi laifin. Ya riƙa gayyato abokin aikinsa Korostelev cin abinci don kada su kaɗaita. Ranar da ta yi rigima da masoyin nata ta shige ɗaki tana kuka, shi ne ya bi ta yana roƙon ta sassauta murya, a rufa asiri.

Masu karatu da yawa na kiran wannan yafiya. Ni ban yarda ba. Yafiya tana bukatar a ambaci laifi, wani ya nema, wani ya bayar. A gidan Dymov ba wanda ya buɗe baki, don haka haƙurin nasa bai gyara Olga ba, ya dai ba ta abin ado: takan gaya wa mutane cewa karamcin mijinta ya yi mata nauyi, tana jin daɗin yadda maganar ke fita. Mai dafa dutse ai sai ya hura wuta. Dymov ɗora tukunya ya yi ya zauna.

Sau ɗaya tak ƙofa ta buɗe. Ya dawo daga kare kundin bincikensa, fuska cike da murna, ya ce mata wataƙila a ba shi koyarwa a jami'a. Chekhov ya sanar da mu cewa da ta taya shi murna a wannan lokacin, da ya yafe mata komai. Ita kuwa ba ta fahimci girman abin ba, sauri take kada ta makara gidan wasan kwaikwayo. Dubi arhar farashin da ya sa wa yafiyarsa, amma ko shi bai furta mata ba.

Daga nan ya zuƙe majinar mashaƙo daga maƙogwaron wani yaro da bututu, ya kamu, ya mutu. Sai a bakin Korostelev Olga ta ji cewa mashahurin da take yawon nema a ƙarƙashin rufinta yake kwana. Ganganci ne ya kai shi ga bututun nan, ko gajiya da zaman gidan? Chekhov bai yanke ba.

Labarin ma ya ja wa marubucin nasa rigima. Amininsa Isaac Levitan, mai zane, ya ga kamar da shi ake a Ryabovsky, ya ɗauke masa ƙafa har kusan shekara uku, sai a 1895 suka shirya.