Suna Linzami Ne

Ga tambaya. Mutumin da ya ji zafi domin an ɓata sunan ubansa, girman kai ke damunsa, ko kuwa yana da gaskiya? A ganina yana da gaskiya.

Ku duba abin da bakinmu na Hausawa ya yi wa maƙwabta. Gbari muka mai da su Gwari, gama babu "gb" a harshenmu. Kajju, ƙasar Bajju, muka ce Kaje. Haka kuma ɗan Berom mai suna Gyang yakan ga akawu ya rubuta Gyan ko Jan, bai ko ɗaga kai ya tambaye shi ba. Mu ma ba mu tsira ba, gama Baƙo yakan zama Bako a takarda.

Wani zai ce, ai harafi ɗaya ne. Amma tun da aka kawo lambar BVN a bankunan Nijeriya a 2014, harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takardu yakan hana mutum taɓa kuɗinsa, sai ya je kotu ya yi rantsuwa. Banda wannan, suna shi ne gadon da ko matalauci yakan bar wa ɗansa.

Nauyin harshe ba laifi ba ne. Ƙin tambaya shi ne laifi, gama raini ne. Saboda haka, kai mai alƙalami, ka tambaya, ka maimaita har ka iya. Kai mai suna kuma, kada kunya ta rufe maka baki. Ka gyara masa cikin ladabi, tun tawada ba ta bushe ba.