Wa Zai Koya wa Mai Koya Mana?



Ran Lahadi, daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Kwoi zuwa Manchok, majami'unmu cike suke maƙil. Zumuntar mata ta buga tulu da ganga, mawaƙa sun rera, an yi sanarwa, an ɗauki baiko, an yi godiya ta musamman. Kafin a kai ga wa'azi rana ta take, jiki ya mutu. Sai fasto ya hau bagadi ya karanta aya guda, ya rufe Littafin, ya yi ta magana a kan abin da ke ransa tun daga gida. Mu ce amin da ƙarfi, mu watse. Da za a tare mu a bakin ƙofa a tambaye mu abin da ayar ta faɗa, kaɗan ne za su amsa. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ban ɗora wa fasto laifin shi kaɗai ba. Mu da muke zaune a benci muna da babban kaso a ciki.

Ku buɗe Nehemiya sura 8. Jama'a ne da kansu suka nemi Ezra ya kawo littafin Shari'a. Ya tsaya a kan dakalin katako yana karantawa tun sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bayyana ma'anar abin da aka karanta har mutane suka fahimta. Fahimtar ce ta sa su kuka, ita ce kuma ta sa su murna daga baya. Ezra bai wayi gari haka kawai ya iya wannan aiki ba. Sura 7 ta littafinsa ta nuna ya riga ya ba da zuciyarsa ga nazarin Maganar da aikata ta, kafin ya koya wa kowa. Afolos ma, duk da iya bakinsa da zafin himmarsa, sai da Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani, shi kuwa ya zauna ya saurara.

Iyayenmu a wannan ƙasa sun gane haka tun da wuri. Mishan na SIM ya kafa tasha a Kwoi a 1910. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, a daidai shekarun da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro ta fara horar da masu bishara. Manoma ne suka bar gonakinsu suka je gindin dutsen Kagoro, wasu da matansu da 'ya'yansu, suka koyi karatu suna manya. Su suka shiga ƙauyukan Atyap da Bajju da Ham da sauransu da ƙafa da keke. Daga Kagoro ne kuma aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya samo tushe a farkon shekarun 1960. Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi da aka haifa a 1936, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka, ya zama babban sakataren ikilisiyar ECWA, daga baya ya shugabanci ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya. Ya rasu a Kenya a Disamba 1975 yana da shekara 39, bayan ya yi ta gargaɗi cewa ikilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri amma koyarwarta ba ta yi zurfi ba, kuma hakan zai buɗe wa koyarwar ƙarya ƙofa. Ku duba abin da ke shigo mana ta waya yau, masu sayar da mai da ruwa da annabcin kuɗi, ku faɗa mini ko ya yi kuskure.

Yanzu mu dubi makon faston ƙauye. Litinin yana gona, domin albashinsa ba ya kai wata. Talata ya hau babur zuwa taron DCC, wato majalisar ikilisiyoyin gunduma. Laraba addu'ar tsakiyar mako da sulhun ma'aurata. Alhamis asibiti a Kafanchan, Jumma'a jana'iza, Asabar ɗaurin aure. Sai daren Asabar, ba wuta, ya kunna fitilar waya ya fara neman abin da zai faɗa gobe. A cikin wannan gajiya, wa'azin da wani ya turo a WhatsApp ya fi masa sauƙi. Littattafansa su ne waɗanda ya fito da su daga makaranta shekarun baya, gara ta ci rabinsu. Mu ne muka tsara masa wannan mako, mu ne kuma muke cewa wa'azinsa ba gishiri.

A bakin kabari ne rashin horo ya fi yi mana ɓarna. Ƙasarmu ta sha jini: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin bayan zaɓe a 2011, da hare-haren dare da satar mutane na shekarun nan. Fasto yana tsaye, ga gwauruwa a gabansa, ga samari a baya idanunsu sun yi ja. Me zai ce? Idan abin da ya sani shi ne ayar Irmiya 29:11 ita kaɗai, zai yi alkawarin sauƙi nan kusa, gobe kuma a sake kai hari, bangaskiyar mutane ta girgiza. Wanda ya koyi karanta sura gaba ɗaya ya san wasiƙa ce zuwa ga bayin da aka kwashe zuwa Babila, aka gaya musu za su yi shekara 70 a can, su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. Ya san Zabura ta ba mai baƙin ciki izinin kai kukansa gaban Allah ba tare da ɓoye komai ba. Ya san Habakuk ya yi wa Allah tambayoyi masu zafi, ya kuma ƙare da dogara gare shi ko da gona ba ta ba da komai ba. Ya san Romawa 12 ta ɗauke ramuwa daga hannunmu, kuma zai iya faɗar haka ba tare da ya ce a yi shiru kan zalunci ba. Ran samarin nan da na maƙwabtanmu yana iya rataya a kan wa'azin minti ashirin.

Saboda haka, dattawan ikilisiya, da ku nake. Na san hannu ya yi ƙunci, musamman tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko. Amma manomin citta, kome yunwarsa, ba ya kai irinsa kasuwa. Kuɗin karatun fasto iri ne. Kafin a sa tayil a majami'a ko a sayi sabuwar lasifika, a ware abin da zai saya masa littattafai ya kuma kai shi kwas na hutu a Kagoro ko Jos ko Bukuru. A ba shi yini guda a mako wanda ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa sai da larura. Ziyarar marasa lafiya da sasanta rigima, ku ɗauki rabonku. Manzanni ma sun raba aiki domin kada a bar addu'a da hidimar Magana. Kada ku manta da matarsa, domin rabin ikilisiya wurinta suke kai damuwarsu.

Malamanmu na makarantun tauhidi, ɗalibanku suna rubuta jarrabawa da Turanci, amma yawancinsu da Hausa za su yi wa'azi, ga tsofaffin da suka fi jin Tyap ko Jju ko Hyam. Ku sa su tsaya a gabanku su bayyana nassi da harshen da za su yi aiki da shi, ku gyara musu tun suna hannunku.

Ku kuma bayin Allah, Rabaran da fasto da mai bishara, takardar shaida ba ta rufe karatu. Ku ɗauki littafi guda, ko Markus ko Filibiyawa, ku bi shi da jama'arku daga farko zuwa ƙarshe, har wuraren da ba ku so ku taɓa. Ku haɗu ku uku ko huɗu a LCC ɗaya, wato ƙaramar majalisar ikilisiyoyi, sau ɗaya a wata, kowa ya kawo wa'azinsa 'yan'uwa su auna shi da nassi. Babba ya yarda ƙarami ya tambaye shi inda ya samo abin da ya faɗa. Kowannenku kuma ya nemi saurayi ko budurwa mai aminci a ikilisiyarsa, ya fara karanta Littafin tare da shi tun bana, ya kai sunansa gaban dattawa domin a fara tara kuɗin makarantarsa.